Keken da bai kai shi ko zaure ba: nazarin lamarin wani ɗan kabu-kabu a Sakkwato

Wannan bayanin wani magidanci ne da ke zaune a cikin tsohon garin Sakkwato, shekarunsa talatin da 'yan kai, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma kabu-kabu ce sana'arsa kafin tsautsayi ya same shi. Na sakaya sunansa da na unguwarsu. Ni ma'aikacin gashin ƙashi ne, kuma ƙanensa ne ya nemo ni na riƙa duba shi a gida. Na ga ya dace a rubuta lamarinsa saboda masu rabon keken guragu da masu ƙera shi da iyalan da ke jinya, domin abin da ya kusa hallaka shi bai fito daga rashin keke ba. Keke yana da shi, sabo fil.

Asalin raunin

Mota ce ta kwashe shi da babur a kan hanyar Bodinga. Waɗanda suka kawo ɗauki suka ciccibe shi, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, suka lanƙwasa shi a kujerar bayan mota. Da niyyar alheri suka yi, amma wanda ake zaton ya karye a baya, a miƙe ake ɗaukarsa a kan wani abu mai tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne, ba a bari bayan ya lanƙwashe. A asibiti hoto ya nuna karaya a ƙashin baya, daidai inda haƙarƙari ya ƙare, kuma laka ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba motsi, ba ji. Fitsari sai da roba. Hannuwansa da kafaɗunsa kuwa lafiya lau, da ƙarfinsu.

Da kuɗi suka ƙare aka dawo da shi gida, daga nan aka kai shi wajen mai ɗori. Ba na raina masu ɗori, sun haɗa ƙasusuwa da yawa a ƙasar nan, amma laka ba ƙashi ba ce, ɗori ba ya kai gare ta. Aka dawo da shi yadda aka kai shi, aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa.

Ana cikin haka wani bawan Allah ya yi rabon kayan tallafi gab da azumi, har da kekunan guragu. Ƙanen ya sami shiga, ya karɓo ɗaya a cikin kwalinsa da ledarsa. Babu wanda ya ga majinyacin, babu wanda ya tambayi abin da ke damunsa, balle a auna shi.

Abin da na tarar

Mahaifiyarsa ce ta tare ni a tsakar gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Likita, tun da anka kawo keken ga bai kai shi ko zaure ba. Sai dai mu aza shi bisa da sahe, mu sauke shi da marece."

Na ce, "Inna, bari mu ga keken tukuna, sannan mu ga mai keken."

Irin na asibiti ne, mai naɗewa, wanda aka yi don a tura majinyaci daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto a kan daɓen siminti mai santsi. Mazauninsa leda ce mai lotsawa kamar raga, ba kushin. Faɗinsa ya fi ƙugun mutumin nesa ba kusa ba, don ciwo ya ramar da shi, saboda haka idan ya zauna sai ya karkata gefe guda. Madogarar hannu a kafe take ba ta cirewa, wato ba zai iya zamewa ta gefe ya hau da kansa ba, sai mutum biyu sun ɗaga shi. Manyan tayoyin sun koma can baya, sai ya miƙa hannu baya sosai kafin ya kama su. Ƙananan tayoyin gaba kuwa sirara ne, ga tsakar gidan rairayi ne, da an tura sai su nutse.

Ko da ya tsallake rairayin, akwai dokin ƙofar ɗaki, akwai na zaure wanda aka ɗaga don kada ruwan damina ya shigo, akwai lambatu a buɗe a ƙofar gida. Makewayi kuma ƙofarsa ba ta wuce kafaɗar mutum ɗaya ba.

Sai na ce a juya min shi. A mazauninsa na hagu, daidai kan ƙashin da ake zama a kai, akwai gyambo mai zurfi, yana fitar da ruwa. A ƙarshen gadon baya akwai wani da ya fara, fata ta saɓule. Matarsa tana wankewa da ruwan zafi tana barbaɗa garin magani, a zatonsu maruru ne.

Ya ce, "Likita, ni ban jin komi. Da ina jin zahi ai da na hwaɗi."

Nan ne gaba ɗayan matsalar take. Mai lafiya ba ya iya zaman minti goma ba tare da ya muskuta ba, ko bai sani ba, saboda jiki yana gaya masa wuri ya gaji. Shi wannan saƙon ya yanke. Nauyinsa yana danne naman da ke tsakanin ƙashi da mazauni, jini ya daina kaiwa, nama ya mutu daga ciki, kafin a gani a waje ya riga ya yi nisa. A ƙara da gumi, da fitsarin da ke ɗiga, da zamewar da yake yi a kan leda wadda ke jan fata. Daga safe zuwa marece a haka, kullum. Irin wannan gyambon, tare da ciwon mafitsara, su ne kan gaba wajen kashe masu raunin laka a ƙasashe irin namu, ba karayar kanta ba.

Mutane kan ce da babu gara ba daɗi. A abubuwa da yawa haka ne, amma ban yarda da wannan magana a kan keken mai raunin laka ba. Da an bar shi a katifa ana juya shi, da bai sami ramin da ya samu a mazauni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin samar da keken guragu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi tun 2008, ta sake fitar da wasu a 2023, kuma abin da suke cewa bai da wuyar fahimta: a zaɓa wa mutum keke bisa jikinsa da muhallinsa, a daidaita masa shi, a koya masa amfani da shi, sannan a riƙa bibiya. A nan ba a yi ko ɗaya ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 na buƙatar keken guragu, kimanin miliyan 80 a duniya, don haka na san abin da ke sa mai kyauta gaggawar raba da yawa. Sai dai ɗari da aka raba a kwali, ba a san nawa ne ke jingine a bayan ɗaki an shanya tsumma a kai ba.

Matakin farko: sauka daga keken

Abu mafi wuya da na gaya musu shi ne ya daina zama gaba ɗaya har gyambon ya warke. Ransa ya ɓaci, domin zaman keken nan ne kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki ya ga rana. Amma gyambon zama ba ya warkewa ana zaune a kansa, ko wane irin magani aka sa. Muka koma kwanciya rub da ciki da ta gefe, ana juya shi duk bayan awa biyu, ana sa matashi tsakanin gwiwoyi, diddige kuma ba ya taɓa katifa. Aka kai shi asibiti likita ya yanke mataccen naman, wata ma'aikaciyar jinya a unguwar ta koya wa matarsa wanki da ruwan gishiri na asibiti da rufewa da bandeji mai tsabta. Na hana ruwan zafi, don wanda ba ya ji ana iya ƙona shi bai sani ba. Na gaya musu in suka ga zazzaɓi, ko wari, ko mugunya ta ƙaru, kada su jira ni.

Abinci ma magani ne a nan. Nama ba ya tsirowa da koko da tuwo kaɗai. Muka tsara abin da aljihunsu zai iya: wake, ƙuli-ƙuli, nono a fura, ƙwai in an samu, da ruwa mai yawa saboda mafitsara.

Watannin da ya yi a kwance ba a bar su sun tafi a banza ba. Yana ɗaga galan mai rairayi don ƙarfafa hannu, ƙanensa yana lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu kullum don kada su sandare. A lokacin ne kuma aka gyara gidan.

Gidan

Wannan ɓangaren bai ci kuɗi kamar yadda suka ji tsoro ba. Aka zuba siririyar hanyar siminti daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi da zaure, faɗinta ya ɗan fi na keke. Aka fasa dokin ƙofar ɗaki. Na zaure Inna ta ce ba za a taɓa shi ba, kuma tana da gaskiya, don ita ta san inda ruwan Agusta ke bi. Sai aka yi masa gangara ciki da waje. Magini ya so ya yi ta gajere, na nuna masa lissafin: kowane tsayin santimita 1 yana son tsawon santimita 12, wato dokin ƙofa mai santimita 15 yana buƙatar gangarar da ta kai mita 1.8. In ta fi haka tsayuwa, mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, ko ya kife ta baya. Aka rufe lambatu da silab, aka faɗaɗa ƙofar makewayi, mai walda ya yi kujera mai rami da aka naɗe bakinta da soso, ana ɗora ta a kan masai. Kafinta ya yi gado daidai tsayin keke, da wani guntun katako mai santsi da zai riƙa zamewa a kai daga gado zuwa keke.

Keken kansa ba mu yar da shi ba, don babu kuɗin wani. Aka yanke madogarar hannu ta gefe ɗaya aka mayar da ita mai zarewa, aka shimfiɗa falanki a kan ledar don ta daina lotsawa, aka cike gefe da gefe da soso, aka daidaita matakin ƙafa yadda cinya za ta kwanta sosai ta ɗauki rabonta na nauyi. Tsakanin bayan gwiwa da bakin mazauni muka bar wurin yatsa biyu zuwa uku.

Kushin shi ne ya fi cin lokaci. Ƙanen ya zo da wani zagayayye mai rami a tsakiya kamar gammo, wai a kemis aka ce ya saya. Irin wannan ba a son sa, domin yana matse kewayen wurin ya ƙara hana jini shiga. Muka je wajen masu kujerun kushin muka sayi soso iri biyu. Mai tauri a ƙasa, aka fafe shi ta baya inda ƙasusuwan zama za su sauka, aka bar gaba da tudu don cinyoyi. Mai laushi a sama. Tela ya ɗinka riga biyu masu sakin jiki, a wanke ɗaya a sa ɗaya. Gwajin kuwa da hannu ake yi: ya zauna, na zura tafin hannu a ƙarƙashin ƙashin zamansa, in 'yan yatsuna suna iya motsi sama da ƙasa, to kushin ya yi, in sun matse ƙam, a ƙara fafewa.

Da gyambon ya rufe, aka fara zama da kaɗan-kaɗan, rabin awa, a sauka a duba fata, gobe a ƙara. Ya koyi sunkuyawa gaba har ƙirji ya kusa cinya, ko karkata gefe, ya daɗe kamar minti biyu, duk bayan minti 15 zuwa 30. Na ba shi madubi. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka abin da ake nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko zafi, ko tauri, kuma bai washe ba bayan rabin awa da sauka.

Keken waje

Wannan keken ya wadatar a cikin gida, amma ba zai kai shi kasuwa ba. Lungunan tsohon gari rairayi ne da ramuka, ga nisa. Abin da ya dace da waje shi ne keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda muka saba gani a bakin Babbar Kasuwa da Masallacin Shehu ranar Juma'a. Kayansa duk na keken hawa ne, taya da sarƙa da birki da boris, kowane mai gyaran keke zai iya da shi, mai faci kuma yana kowace kwana. Abokan sana'arsa na tashar kabu-kabu ne suka yi karo-karo suka biya.

Mai waldar da muka je wurinsa gwani ne, amma da na ce ba za a sa falanki tsirara a mazauni ba, sai ya dube ni ya ce, "Malam, shekara da shekaru ina yi ma guragu keke, ba wanda yat taɓa ce min katako ya ci mai jiki."

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan ne na ga inda gizo ke saƙa. Kusan duk waɗanda ya yi wa keke shan inna ce ta kama su. Shan inna tana kashe motsi amma tana barin ji, saboda haka mai ita in katako ya dame shi zai muskuta. Sana'ar ƙera waɗannan kekuna a Arewa, daga Kano har Jos, a kan masu shan inna ta ginu, da yawa ma su ne ke ƙerawa da hannunsu. To, rabon Najeriya da ganin ƙwayar shan inna ta asali, wadda ake kira ta daji, tun 2016 a Borno, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da ita. Sabbin masu neman keke a yau, da yawa daga haɗarin babur da mota suke fitowa, da faɗowa daga bisa, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga da ya kai ga yanke ƙafa, da kuma harbin 'yan bindiga a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni. Jikinsu daban ne, keken ma dole ya bambanta.

Da na tsunguli cinyar majinyacin a gabansa bai ko motsa ba, mai walda ya yi shiru, ya ɗauko tef. Aka yi mazauni daidai faɗin kushin, mai ɗan gefe da zai riƙe shi. Aka ɗaga majingina zuwa ƙasan allon kafaɗa. Aka yi wa ƙafafu faranti da maɗauri don kada ɗaya ta zame ta ja ƙasa bai sani ba. Aka bar gefe ɗaya a buɗe saboda hawa da sauka. Mai waldan ne da kansa ya kawo shawarar rumfa da akwati a baya, ya kuma ce a naɗe duk ƙarfen da ƙafa za ta taɓa da tsohon tib. Wannan shawara tasa ta fi tawa, domin a watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma ƙarfen da ya sha rana yana iya ƙona ƙafar da ba ta ji. Haka na gargaɗe su game da kaskon wuta a lokacin hunturu.

Da keken nan ya koma tasharsu, ba don ɗaukar fasinja ba. Ya kafa tebur yana sayar da man juye da filogi da wayar birki, kayan da ya sani ciki da waje, masu saye kuma abokansa ne.

Koma-baya

Ana gab da babbar Sallah ciniki ya buɗe, ya riƙa wuni a tasha cikin zafi, yana mantawa da sunkuyawa. Soson kuma ya fara kwanciya. Matarsa ce ta kira ni ta ce, "Likita, wurin nan na maigida ya yi baƙi, kuma shina da zahi in na taɓa." Fata ba ta fashe ba. Ya sauka daga keke na 'yan kwanaki, aka sake soson sama, aka sa masa ƙararrawa a waya, aka kuma yanke cewa zai riƙa kwanciya a benci tsakanin azahar da la'asar. Tabon tsohon gyambo ba ya komawa ƙarfin fata ta asali, don haka wurin zai ci gaba da neman kulawa har iyakar rayuwarsa. Wanda ya ba da keke ya tafi ba zai taɓa sanin wannan ba. Matar da aka koya wa abin da za ta duba ita ta tare shi.

Abin da ya rage

Kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, saboda keken cikin gidan har yanzu tayoyinsa suna baya fiye da kima, kuma wannan ba ya gyaruwa da walda. Yana buƙatar na gaske, irin masu doguwar ƙira da faffaɗar tayar gaba da aka yi don ƙasa mai rairayi, waɗanda ake iya matsar da tayar baya. Na rubuta masa takardar awonsa don duk wanda zai taimaka ya saya bisa ita. Mun kuma ba ƙanen shawarar ya kai buƙatar ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ya kuma bi ta wajen sarkin guragu ya nemi a sa sunansa cikin masu karɓar alawus na wata-wata, wanda aka fara da naira 6,500 a zamanin Gwamna Aliyu Wamakko.

Wajen gida kuwa ba a hannunmu yake ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar keke, wa'adin ya cika a farkon 2024. Duk da haka wurare da dama da yake da buƙata a cikinsu matakala ce ke tare shi, sai ya tsaya a waje ya aiki yaro. Masallacin unguwarsu ma matakala uku ne, yana bin jam'i daga waje a ƙarshen sahu. Na yi magana da liman, ya ce in an tashi gyaran wurin alwala bayan damina za a zuba gangara ta ƙofar kudu, na kuma ba magininsu awon. Kafin nan akwai canjin robar fitsari da ke tafe, da sabon soson ƙasa da za a fafe masa, don na yanzu ya fara tsagewa ta gefen hagu.